An Karɓa, Mun Gode

Akawun asibitin ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya juya ta, ya sake bi, sannan ya ɗago ya dube ni kamar wadda aka kama da takalmin wani a hannu.

"Babu sunansa, Malama."

"Sake dubawa."

"Sau biyu na duba. Ki matsa, akwai mutane a bayanki."

Na zaro waya na nuna masa hoton da na ɗauka ranar da na cike wa Baba fom. Ga shi nan, koren rubutu a kan farin shafi: *An karɓa, mun gode.* Bai ko karɓi wayar ba. Ya ce tun shekaranjiya ake nuna masa wannan hoton, har ya haddace shi, kuma shi takarda aka ba shi, ba hoto ba. Wanda ke cikin takarda ya shiga, wanda ba ya ciki ya yi haƙuri sai baɗi.

Baɗi! Likitocin idon nan sau ɗaya suke zuwa a shekara, su yi kwana uku, su cire wa mutum ɗari da ashirin yanar ido, su tattara kayansu. Ranar ce ta uku. Idon Baba na dama ya riga ya rufe ruf, na hagu kuma hazo-hazo yake gani da shi, yana gane mutum da murya kafin ya gane shi da fuska. Likitan unguwarmu ya gaya mana tun bara cewa kada mu bar na hagun ya kai wata shekara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda ban iya gaya wa akawun ba, shi ne shafin da ake cike fom ɗin, kamfaninmu ne ya gina shi. Mu shida ne a wani ofis a saman kantin fenti, kuma ni ce mai rubuta abin da ke aiki a bayan shafi, inda ido ba ya gani. Na tsaya a gaban teburin nan ina huci, ban san wanda zan zaga ba.

Na koma wurin Baba. Na bar shi a kan wani dogon benci a baranda, na tarar har ya tara jama'a. Haka yake. Shekara talatin da huɗu ya yi a maɗaba'a yana duba rubutu kafin a buga, da jan biro a bayan kunne, kuma tun da idon ya ƙi sai ya mai da aikin kan mutane: kowa ya zauna kusa da shi sai ya karanta shi tsaf. A gefensa akwai wata tsohuwa da 'yarta malamar makaranta, da wani tela mai gilashi kamar gindin kwalba, da wani tsohon direba, da wasu da ban ƙirga ba a lokacin. Duk an koro su daga teburin akawu, duk da hoto iri ɗaya a waya.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "zo ki ji wani abu. Lokacin da kika rubuta sunana a na'urar nan, kin sa ƙugiyar?"

"Baba, yanzu ana maganar ƙugiya?"

"Tambayarki na yi."

"Na sa. Ina ni ina barin ta, ka tsine mini?"

Duk gidanmu an san wannan. A wurin Baba, wanda ya rubuta *ƙ* ko *ɗ* ko *ɓ* ba tare da lanƙwasar nan ta samansu ba, bai gama rubutu ba. Tun muna yara yake ce mana baki daban, baƙi daban, kuma wanda ya tafi fada ba ɗaya yake da wanda ya tafi faɗa ba. Ya taɓa mayar mini da wasiƙar da na aiko masa daga makaranta, ya zagaye wuri goma sha bakwai da ja, bai amsa ko ɗaya daga cikin abubuwan da na roƙa ba.

"To," ya ce, "na tambayi kowa a bencin nan sunansa. Wannan baiwar Allah da *ɗ* sunanta ya fara. Tela yana da *ƙ* a tsakiya. Direba shi ma *ɗ*. Mu goma sha biyu ne, babu wanda ba shi da ƙugiya, ko a sunansa ko a na ubansa."

Malamar makarantar ta ce, "Ni na cike wa Inna, kuma ni ba na rubuta sunan mutum a gurgunce." Tela ya ce ɗansa ne ya cike masa a waya, irin wayar da ke gyara rubutu da kanta. Sai direban ya yi tsaki ya ce maƙwabcinsa sunansu ɗaya sak, a shagon kwamfuta aka cike masa, mai shagon ko kallon ƙugiya ba ya yi, ga shi can ciki an ɗaure masa ido tun jiya.

Wato masu sakaci sun shige, masu kula ne aka bari a benci. Makaho ya gano a minti ashirin abin da mu shida masu idanu da kwamfutoci ba mu gani ba a wata biyu.

"Ku kwantar da hankalinku," Baba ya ce wa jama'arsa, yana laluben hannuna. "'Yata injiniya ce. Yanzu za ta je ta tambayo mana na'urar."

Na tari tasi. Ƙarfe goma da rabi ina hawa matakalar ofis bibbiyu, warin fenti yana bina.

Sai-Gobe kaɗai na tarar a babban ɗaki, shi ne mai kula da babbar na'urar da shafukanmu ke zaune a kanta. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Ban gaishe shi ba. Na zauna, na buɗe fom ɗin gwaji, na rubuta suna marar ƙugiya, na tura. *An karɓa, mun gode.* Na leƙa rumbun da sunaye ke taruwa, ga shi ya shiga. Na sake rubuta sunan, na sa masa *ɗ* guda ɗaya tak, na tura. *An karɓa, mun gode.* Na leƙa rumbu. Wayam.

Ga wanda bai san aikin ba, abin ba shi da wuya. Yaren da muke rubuta shafuka da shi umarni ne layi-layi, na'ura tana bi daga sama zuwa ƙasa. Wani kuskuren ƙarami ne, na'ura ta yi tari ta wuce. Wani kuwa mai kisa ne: aiki ya tsaya cak a wannan layin, duk abin da ke ƙasa ba za a yi shi ba. Rumbun sunayen da muka ba asibiti tsoho ne, mun kwaso shi daga wani aiki don sauri, bai san haruffanmu ba. Da ya ga *ɗ* sai ya tofar, shirin ya faɗi matacce kafin ya ajiye sunan. Wannan kuskure ne, kuma kowa yana kuskure. Gyaransa bai fi minti goma ba.

Abin da ba kuskure ba shi ne koren rubutun. Shiri ba ya mutuwa ya ce an karɓa, sai in wani ya koya masa. Na san wanda ya koya masa, amma sai da na buɗe fayil ɗin na gani da idona. Layi uku ne. A samansu ga ɗan bayanin da aka bari, da kwanan wata na shekara biyu da suka wuce, da harafin farko na sunana.

Ranar nan ba zan manta da ita ba. Manaja ya kai mu nuna wani shafi a gaban manyan wani kamfani, an kashe fitilu, an haska bango. Ya danna, sai shirin ya faɗi, ya zazzage cikinsa a bango da manyan baƙaƙe: sunan fayil, lambar layi, har da sunan da Sai-Gobe ya raɗa wa babbar na'ura, wanda ba ya faɗuwa a gaban manya. Aka yi dariya. Manaja ya dawo ofis kamar zai ci babu, ya ce daga yau kada wani shafi namu ya ƙara nuna kuskure.

Na ce masa, "Yallaɓai, a ɓoye wa baƙo hanjin na'ura, wannan daidai ne, ba ruwansa da lambar layi. Amma a gaya masa abinsa bai shiga ba."

"In ya ga bai shiga ba, wa zai kira?"

"Mu."

"To kin gani. In ya ga an karɓa, gida zai tafi. Sau nawa ma abin yake faruwa? Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa naki."

Rufin asiri. Da kalmar nan ake kashe kowace magana a ofishinmu. Wa zai ce ba ya son rufin asiri? Addu'a ce, iyayenmu suna yi mana ita safe da yamma. Sai Manaja ya ɗauke ta ya mai da ita murfin masai. Na yi gunaguni na kwana biyu, sannan na rubuta. Yaren yana da wata ƙofa da aka tanada don shiri ya yi wasiyya kafin ya cika, ya faɗi abin da ya kashe shi. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofar nan na toshe masa baki, na manna masa murmushi. Na lallashi kaina da cewa ai kundin kurakurai yana nan, duk abin da ya faɗi za a rubuta a can, zan riƙa dubawa. Daga nan layukan uku suka bi mu duk aikin da muka yi, ana kwafe su kamar gado.

Na juya wurin Sai-Gobe. "Buɗe mini kundin kurakuran shafin asibiti."

Ya sosa ƙeya. "Wane kundi?"

"Kada ka sa in tashi."

"Ai na kashe shi tun bara. Cika na'ura yake yi, kullum sai ƙorafi. Na ce zan kunna in na ƙara wuri."

"Yaushe?"

Ban jira amsarsa ba, don na san ta, sunansa ce.

Nan ne na ji kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa. Da kundin yana nan, da na fito da sunan kowa, da rana, da minti, in kai wa asibiti in ce ga shaida. Yanzu babu komai. Mutum nawa aka kora shekaranjiya? Nawa jiya? Nawa suka koma gida suna zagin jikokinsu cewa ba su iya cike fom ba? Allah kaɗai ya sani. Har waɗanda suka ƙirƙiro yaren sai da na haɗa da su a zagin. Don me za ka ƙera abu da makunni biyu, ɗaya na hana shi kuka a fili, ɗaya na hana shi rubutawa a ɓoye, ka kuma bari a kashe duka biyun a lokaci ɗaya? Ƙaramin kuskure a yi masa shiru, na yarda. Amma mai kisa, ko mai shafi ya so ko ya ƙi, ya kamata ya bar gawa inda za a gan ta. Sun san da irin su Manaja a duniya, sun san da irina, suka ba mu wuƙa da kube.

Na tura ƙofar Manaja ba sallama. Yana waya, ya ɗaga mini yatsa. Na tsaya a kansa har ya ajiye. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage murya ba.

Ya saurara, ya juya biro a hannu. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Asibitin sun sani?"

"Yanzu za su sani."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Ubana yana kan benci."

"To saboda shi nake cewa ki zauna." Ya sassauta murya, irin sassautawar da na fi tsana. "Gyara abin yanzu, shiru, ba wanda ya ji. Akawun can yaron ƙanwar matata ne. Kira ɗaya zan yi, a sa sunan Baba a takarda, kafin azahar an yi masa aiki."

"Gurbin wa za a ba shi?"

"Ina ruwanki? Kullum akwai wanda bai zo ba."

"Sauran goma sha ɗayan fa?"

"Su ma ubanninki ne? Ke, in maganar nan ta fita, asibiti za su yar da mu, kuma duk wanda muka taɓa yi wa aiki zai ji. Mutum shida ke ci a nan. Kuma kafin ki ɗaga murya, tuna wa ya rubuta layukan. Ni ban iya rubuta ko ɗaya ba." Ya ɗauki waya. "Ki rufa mana asiri, mu rufa naki. In kira?"

Ina so in ce na watsa masa ruwan da ke kan teburinsa. Ban watsa ba. Na tuna Baba yana laluben bakin ƙofar banɗaki da safe, yana yi kamar wasa yake. Na ce, "Kira."

Na koma teburina na gyara rumbun ya karɓi haruffanmu. Sannan na goge layuka ukun nan, wanda ba ya cikin yarjejeniyarmu, na rubuta wasu a madadinsu, na kunna kundin da hannuna ina kallon Sai-Gobe ido cikin ido. Gyaran duka bai kai kwatan awa ba, kuma ihu ne bayan hari, don an rufe karɓar fom tun makon jiya.

Sha biyu ta gota na isa asibiti. Rana ta ci rabin barandar, mutanen benci sun matsu a ragowar inuwa. Wani ya sayo ruwa ana zagayawa da shi. Da suka hango ni sai suka miƙe, waɗanda ke iya miƙewa. Tsohuwar nan ta kama hannun 'yarta tana tambaya, "Ita ce? Injiniyar ce ta dawo?"

Kafin in buɗe baki akawun ya leƙo daga tagarsa ya kira sunan Baba. Shi kaɗai. Ya kira shi da ladabin da ba shi da shi da safe, har da "Baba, a taho a hankali."

Na kama hannun Baba na ce, "Tashi mu je."

Bai tashi ba. Ya karkato da kunnensa wajena, yadda yake yi in yana son ya ji abin da ke ƙarƙashin magana.

"An ga sunan nawa ke nan?"

"An gani. Tashi."

"A ina ya ɓuya?"

"Baba, lokaci yana tafiya."

"Na waɗannan fa? Na ce musu za ki tambayo na'ura. Me ta ce?"

Ko ya gane ko bai gane ba, har yau ban sani ba. Tambaya ce kawai irin tasa, ta mutumin da bai taɓa barin shafi ya wuce ba don ana sauri. Idanun mutum goma sha ɗayan, masu gani da marasa gani, duk suna kaina. Tela ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga. Taku ashirin ne tsakaninmu da ƙofar ɗakin likitocin. Da na ja shi da ƙarfi da ya bi ni, don bai saba musu da ni a gaban mutane ba.

Sai na ji bakina yana magana, da ƙarfi kuma, yadda har na cikin layi suka juyo.

"Na'urar ƙarya ta yi muku. Ba a karɓi fom ɗin ko ɗayanku ba. Ta ga ƙugiya a sunayenku ta faɗi, aka sa ta ce an karɓa. Ba laifin 'ya'yanku ba ne, ba laifin wayarku ba ne. Kamfaninmu ne. Sunan Baba ma ba a gan shi ba, yanzu aka cusa shi ta waya."

Akawun ya rufe tagarsa da sauri, amma ya makara. Babbar nas tana tsaye a bakin ƙofa da fayil a hannu, wata doguwar mata mai furfura a gaban goshi, ta ji komai. Ta ce in biyo ta. A ofishinta na nuna mata tsohon shirin a kwamfutata da na taho da ita, na tura suna mai ƙugiya a gabanta, ta ga koren rubutu, ta ga rumbu wayam. Ta sa na maimaita sau biyu.

"Mutum nawa?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Kamar ya ba ki sani ba? Ba na'ura ba ce? Ba ta rubutawa?"

"An hana ta."

Ta dube ni. "Jiya na sa masu gadi sun fitar da wani tsoho yana kuka, na ce masa maƙaryaci ne." Ta ajiye fayil ɗin da ƙarfi. "Mu nan in allura ta karye a jikin mutum, rubutawa muke yi, mu sa hannu, ko da za a kore mu. Ku wane irin aiki ne naku?"

Ta kira akawu ta wanke shi tas a gabana, ta ja layi a kan sunan Baba da ya ƙara da biro a ƙasan takarda, ta ce ba mai shiga ta taga a asibitinta. Sannan ta fita baranda da kanta, ta rubuta sunayen mutum goma sha biyun da hannu. Baba yana gaya mata inda za ta sa ƙugiya, tana sawa.

Ɗan gilashin da ake sa wa mutum a ido bayan an cire yanar a ƙirge likitocin suke zuwa da shi. Mutum huɗu ba su zo ba a cikin kwana ukun, saboda haka huɗu suka rage. Babban likitan ya ce zai duba duka goma sha biyun, ya ɗauki waɗanda suka fi tsanani. Aka shiga da su ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya haska idon Baba na hagu, ya ɗaga yatsu a gabansa ya ce nawa ne. Na tsaya a bayan likitan ina roƙon Allah a zuciyata Baba ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa.

Ya ƙura ido, ya matso da kai. "Uku," ya ce. Uku ne.

Aka ɗauki tsohuwar, da tela, da wasu biyu da ko hasken fitila ba sa gani. Babbar nas ta ce sauran takwas su ne farkon takardar baɗi, ta rubuta, ta sa hannu, ta ba kowa kwafi. Na tambayi likitan ko na hagun zai kai baɗi. Ya ce yana iya kaiwa, yana iya ƙin kaiwa, kuma in yanar ta daɗe ta yi tauri aikin ya fi wuya. Ya faɗa mini a fili, bai sa mini koren rubutu ba.

A cikin tasi wayata ta yi ta ruri. Manaja ne, kira tara. Sai saƙo: kada in dawo ofis, za a aiko mini da kayana. Na kife wayar a cinya. Haushi ya cika ni har wuya, na Manaja, na Sai-Gobe, na masu yaren, har da na Baba da yatsunsa uku. Amma duk wanda na ɗauko in zaga sai in ga bai kai ni ba.

Mun isa gida da la'asar. Na zaunar da shi a kujerarsa ta tsakar gida, na kawo masa ruwa. Ya sha, ya riƙe kofin.

"Uwata, ɗazu kin ce *aka* sa ta ce an karɓa. A maɗaba'a ba mu yarda da *aka* ba. Kowane shafi akwai wanda ya sa hannu."

Na durƙusa a gabansa. "Ni ce, Baba. Manaja ya ce a yi, amma ni na rubuta. Shekara biyu ke nan."

Na so ya yi faɗa, ya kira ni sakarya, ya ce na ci amanar tarbiyyarsa. Bai yi ba. Ya juya kofin a hannunsa kawai, kuma wannan ya fi mari ciwo.

"Kin gyara?"

"Na gyara."

"Yanzu in ta faɗi me take cewa?"

Na buɗe shafin gwaji a waya, na sa shi ya faɗi da gangan, na karanta masa: "Ba a karɓa ba. Kuskure ya faru a wajenmu, ba a wajenku ba. Ku sake gwadawa, ko ku kira wannan lamba ku faɗi wannan alama."

"Kawo in gani."

Na miƙa masa. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ko da yake ba abin da yake gani da shi, sabo ne kawai. Ya kawo wayar dab da na hagun har tana taɓa gashin girarsa. Ya matsar da ita, ya dawo da ita, ya karkata ta wajen haske. Na ga yana neman layin, yadda ya nemi dubban layuka a gabana tun ina yarinya.

"Ja nake gani," ya ce. "Da ja kika rubuta?"

"Da ja."

"To madalla." Ya ƙara matso da ita, ya daɗe, sannan ya sauke hannunsa a hankali ya miƙo mini wayar. "*Karɓa* ɗin nan, kin sa mata ƙugiyarta?"

"Na sa, Baba."

"Sai dai in yarda da ke," ya ce. "Ni ban gan ta ba."